Akwai Gyara

Idan ciniki ya lafa bayan azahar, gidan abincinmu yakan zama kamar mutumin da ya ƙoshi ya jingina da bango. Fanka na juyawa a kasalance, rana na shigowa ta tagar yamma ta kwanta a kan tebura, sauran tururin kicin na fitowa ta 'yar tagar da ake miƙo abinci yana neman hanyar waje. A irin wannan lokacin nakan zauna a kujerata, tsakanin kanta da teburin da ake sauke farantan da aka gama ci. Tun ina ƙarama nan ne wurina. Ba mai kallon wanda ya zauna kusa da farantai masu datti, shi kuwa yana ganin kowa.

Sunan kakata aka sa mini, don haka Baba da Gwaggo ba sa kama sunana, Uwata suke cewa. Baba ne mai wurin. Gwaggo yayarsa ce, ita ke riƙe da kicin tun kafin a haife ni, kuma daga bakina masu cin abinci suka ɗauka, kowa Gwaggo yake ce mata. Na ukunsu Dogo, mai kai wa mutane abinci, wanda ya fara aikin da baƙin gashi, yanzu furfura ta ci rabin gemunsa.

A farkon damina na gama jami'a na dawo gida, da takardar karatun kasuwanci a ƙasan jaka. Na tarar ƙafafun Baba sun ƙi. Kujera aka ajiye masa a bakin ƙofa, nan yake yini yana gaisawa da masu shiga da fita. Wata rana da la'asar ya kira ni, ya ciro makullin wurin daga aljihu yana jujjuya shi a tafin hannu.

"Uwata, kin ga wurin nan kullum a cike, ko?"

"A cike yake, Baba."

"To ni ban ga abin da cikar take haifarwa ba. Mu sayo, mu dafa, a cinye, mu wanke tukunya. Ƙarshen wata in na sallami kowa, hannuna kamar na wanke shi da sabulu. Mai ginin nan ya ce akwai wanda yake son wurin, wayoyi zai zuba. Na ce ya ba ni zuwa ƙarshen damina. Ki gyara mana, tunda kin karanto. In bai gyaru ba, in mayar masa da makullinsa."

"Gwaggo fa?"

"Ɗanta ya daɗe yana kiranta. Har ɗaki ya ware mata."

Na san ɗakin, ko da yake ban taɓa ganinsa ba. Gwaggo ta taɓa zuwa can, ta dawo tun kafin lokacin da aka ɗibar mata. Bene ne can sama, in ji ta, taga ba ta buɗuwa, tukwanen gidan kamar kofunan shayi, kuma da ta nufi kicin sai a tare ta da, "Haba Mama, ki huta mana." Ta ce hutun nan ne ya kusa kai ta ƙasa. Tun ranar da Baba ya yi wannan magana, duk lokacin da gyangyaɗin rana ya ɗauke ni a kujerata, ɗakin nake gani. Gwaggo na zaune a bakin gado, hannayenta a kan cinya, ƙamshin albasa yana barinsu a hankali, gajimare na wucewa ta bayan gilashi bai san da ita ba.

Ban iya magana ba, kowa ya san wannan. A jami'a ma in an ce in fito gaban aji, muryata guduwa take yi ta bar ni a tsaye. Amma na iya kallo, sai na fara da shi.

Allon farashinmu ya koɗe, kuma abin da ke kansa tun kafin in shiga jami'a yake, alhali shinkafa da mai da gas duk sun yi sama sun bar shi a ƙasa. Akwai abinci kala-kala a allon da ba mai tambayarsu, amma kullum sai an ɗora su, da yamma a raba. Man girki kwalba-kwalba muke saya a shagon kan kwana maimakon jarka a wurin 'yan sari. Wuta na ci a ƙarƙashin tukunyar da ba komai a cikinta in Gwaggo ta shiga hira. Dogo ba shi da ranar hutu, shi ya sa yake barci a tsaye yana fasa farantai. Akwai kuma bokitin ragowar abinci da ke kusa da ƙafata, wanda wata mai kiwon kaji take zuwa ɗauka da yamma. Saboda nauyinsa sai Dogo ya kama mata suke fita da shi.

Duk abin da na gani, Baba nake raɗa wa, shi kuma ya faɗa da ƙarfi. Aka rage jerin abincin. Aka koma sayen sari. Dogo ya sami ranar hutu, ya ce bai san me ake yi da ita ba, ya zo ya zauna a teburin kusa da taga ya sayi abinci kamar baƙo. Aka ɗaga farashi kaɗan. Tela, wanda shagonsa ke kallon namu kuma bai taɓa fashin abincin rana ba, ya yi ta mita har ya gaji ya ci gaba da zuwa.

Saura abu guda, shi ne ludayin Gwaggo.

Babba ne, na ƙarfe, an ɗaure mariƙinsa da waya, bakinsa ya cinye ta gefe ɗaya saboda kankare gindin tukunya. Da shi take tula shinkafa har ta yi tudu. Dogo ya ɗauka zai wuce, sai ta leƙo ta 'yar tagar nan ta ga na wane ne.

"Dawo da shi. Direban nan ya rame, ba ka gani ba? Ga gyara."

Ta ƙara rabin ludayi, ta yaryaɗa miya ta sama, wadda ta fi mai da zafi. Malamar makarantar bayanmu gyara, domin yara sun sha mata kai. Mai gadin banki gyara, domin tsayuwa. Baƙon da ba a sani ba gyara, don ya dawo. Na yi lissafina, na sake, na kuma sakewa, kullum wuri ɗaya nake fitowa: ribar gidan nan a bakin ludayin nan take zubewa.

Na sayo ƙaramin ludayi a kasuwa. Ya daɗe a jakata, yana bina gida yana dawowa. Kullum in na doshi kicin da niyyar magana, sai Gwaggo ta juyo ta ce, "Uwata, kin karya kuwa?" sai in ce na karya in koma. A ƙarshe na yi sammako na riga kowa zuwa, na sa sabon a cikin tukunya, na rataye tsohon a ƙusar da ke saman ƙofar sito, na koma kujerata na yi kamar ina duba waya.

"Wa ya sa mini cokalin shayi a tukunya?"

Baba ya yi gyaran murya daga bakin ƙofa. "Yaya, dama Uwata ce ta ga..."

"Uwarka dai. Ni tawa uwar ba ta taɓa auna wa mutum abinci kamar magani ba." Ta leƙo ta taga. "Manaja! Taso ki faɗa da bakinki."

Na taso na tsaya ina kallon yatsun ƙafata.

"Gwaggo, ludayi biyu a faranti. Gyaran kuma... a ɗan dakata da shi."

"A ɗan dakata." Ta gyaɗa kai. "To. Manaja ta yi magana."

Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ba ta yi ba. Ta bi umarnin tiryan-tiryan: ta cika ƙaramin ludayi, ta sa bayan wuƙa ta share samansa, ta juye, ta sake, ta tura farantin ba tare da ta leƙa ta ga na wane ne ba. Da can tana aiki tana 'yar waƙarta ta hanci, wadda ba ta da kalma ko ɗaya, tana bin tururi tana fitowa. Waƙar ta ɗauke. Sai ƙarar murfi da ta ruwan famfo. Sunan Manaja kuwa ya bi gari, har Dogo ya kama, sai dai shi yakan rage murya in zai faɗa.

Da na koma gida wata rana, na tarar da akwatin tafiyarta a buɗe a tsakar gida, an jingina shi inda rana ke bugawa.

"Gwaggo, tafiya za ki yi?"

"Iska yake sha. Ko shi ma sai an auna masa?"

Wato in wurin ya rufe za ta tafi, in kuma na tsare shi ta wannan hanya, nan ma za ta tafi. Na kwanta ina jin ruwa a kan rufin kwano, ina ganin hanyoyi biyu suna lanƙwasawa suna haɗuwa a gindin bene ɗaya.

A cikin satin aka yi fentin bango. Mai Fenti tsohon mai cin abincinmu ne, mutum mai fara'a da son magana. Ya mayar da bangon ruwan ƙwai, ya gyara ƙafafun tebura, wurin ya yi haske kamar an ƙara masa taga. Na ga ya kamata mutanen titi su san an sabunta wurin, don haka na ce ya yi mana allon talla a saman ƙofa. Ana ruwa lokacin, rufin na ta kiɗa.

"Me za a rubuta, Manaja?"

"An yi gyara. Ku shigo ku gani."

"Ɗaga murya, 'yata, ruwan nan ya fi ki baki."

"An yi gyara," na sake cewa, ina nuna wajen kicin da bangon da ke gefensa.

"Gyara?" Fuskarsa ta washe. "Kai, madalla! Dama mutane sai magana suke yi. Bar mini, gobe za ki gani."

Na zaci maganar bango mutane suke yi.

Washegari ana yayyafi na fito. Tun daga tsallaken titi na hango shi, fari tas da jan rubutu, ruwa na sheƙi a jikinsa: AKWAI GYARA. KU SHIGO KU GANI. A ƙasan rubutun an zana ƙaton ludayi, shinkafa ta yi tudu a cikinsa tana zubowa, ƙwayoyinta na gangarowa har kusurwar allon kamar taurari. Na tsaya riƙe da laima, motoci na wucewa tsakanina da shi, kowace ta wuce sai in ga kamar ludayin ya ƙara karkata. Ya yi kyau ƙwarai. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Mai Fenti na naɗe tsummansa a gindin tsani.

"Kin gani? Na ɗan gyara maganar. 'An yi gyara' kamar an yi an gama ne, wanda ya makara ya rasa. 'Akwai' ita ke kiran mutum. Ludayin kuma ban sa shi a kuɗi ba, gyara na yi miki."

Na buɗe baki in ce ba wannan gyaran ba, bango nake nufi, a goge. Abin da ya fito shi ne, "Na gode."

Ya saɓa tsaninsa ya tafi yana fito.

Baba ya ɗaga kai ya karanta, ya dube ni, ya sake karantawa, sai ya gyara zaman hularsa. Gwaggo ta ƙofar baya take shigowa, ba ta gani ba.

Kafin azahar wurin ya cika irin cikar da ban taɓa gani ba. Tsofaffin masu zuwa da suka ɗauke ƙafa sun dawo, ga ma'aikatan ofisoshin kan titi, ga masu jiran mota da allon ya jawo. Laimomi sun jeru a bakin ƙofa suna ɗiga. Gilashin taga ya yi gumi. Dogo na ratsa tebura da farantai a jere a hannu.

Tela ne ya fara. Aka ajiye masa, ya dubi farantin, ya ɗaga shi ya leƙa ƙarƙashinsa.

"Dogo, ina gyaran?"

Dogo ya waiwayo ya dube ni. Na sunkuyar da kai. Sai ya miƙa dogon hannunsa ya nuna bango.

"Ga shi nan. Ruwan ƙwai."

"Bango zan ci?"

"Har tebur an gyara, jijjiga ka ji."

"Kai Dogo, ka ji tsoron Allah," in ji Direba daga teburin baya. "Ludayi aka zana a waje, ba buroshi ba."

Aka kwashe da dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Wata mata da ban sani ba ta ce wa abokiyarta, da ƙarfi yadda kowa zai ji, ai dama haka masu talla suke, su rubuta abu su ba ka wani. Maganar ta bi tebura. Na ga Baba a bakin ƙofa ya sa hannu a aljihun da makullin yake.

Dogo ya zo ya sauke farantai a gefena. "Manaja," ya ce ƙasa-ƙasa, "ko in hau in juya allon ya kalli bango?"

Ni kuwa farantan nake kallo. Tas suke, ko ƙwaya babu. Na dubi bokitin da ke ƙafata, ɗan abin da ke ciki bai rufe gindinsa ba. Sai na tuna jiya mai kaji ta ɗauke shi da yatsa biyu tana cewa, "Ku kam kun shiga tsakanina da kajina, duk sun rame." Hayaniyar wurin ta ja baya kamar an rufe mata ƙofa, farantan da na yi shekaru ina kallo suka riƙa wucewa a gabana ɗaya bayan ɗaya. A da, kowanne da sauran tudunsa yake dawowa, shinkafa fara, ta huce, an ture ta gefe. Amma wurin da Gwaggo ta yi gyara, inda ta yaryaɗa miyar sama, kullum shi ake fara ci, ba ya dawowa. Tun da aka koma ƙaramin ludayi kuma, ba wanda ya taɓa cewa a ƙaro masa faranti na biyu. Suna ƙoshi. Fuskarsu ce kawai ba ta ƙoshi.

Ashe abu biyu na yanke da wuƙa ɗaya, ɗaya ne kawai yake cin ribar.

Na ɗauki bokitin na shiga kicin. Tururi ya cika shi, Gwaggo na tsakiyarsa, ta harɗe hannaye, ta ji duk abin da ake faɗa.

"Manaja, an ce kin sa an zana ludayina a titi. Kin rataye shi a ƙusa, kin kuma rataye shi a ƙofa."

"Kuskure ne, Gwaggo. Amma duba nan." Na miƙa mata bokitin.

"Me zan gani? Ba komai."

"Shi ne. Da, sai mutum biyu suke ɗaukarsa." Muryata ta fara guduwarta, na riƙo ta. "Tudun farko ne ake zubarwa, Gwaggo. Gyaranki ba a taɓa zubar da shi ba, ni ce nake zaune a wurin, na sani. A bar ƙaramin ludayi a zubin farko. Gyara kuma a dawo da shi, amma a ware masa tukunyarsa. Ni zan auna abin da zai shiga cikinta da safe, kuɗinta na cikin farashin da ke allo. Abin da ke cikinta naki ne, ki ba wanda kika ga dama. In ta ƙare, ta ƙare."

Tun da aka haife ni ban taɓa jera mata magana mai tsawon wannan ba. Ta dube ni kamar tukunya ce ta yi magana.

"Wato in ɗauke da dama in mayar da hagu, su yi mini godiya? Ni ban iya cuta ba."

"Kaji aka ɗauke wa, Gwaggo, ba mutane ba."

Bakinta ya motsa, ta danne dariyar.

"Kuma ba ta taga za ki miƙa ba," na ce. "Ki fita da ita. Ki ga fuskarsu, su ga taki."

Ta juya ta dubi tukwanen da ke jere a kan kantar kicin. "Wace tukunyar?"

Na nuna wata matsakaiciya.

"Wannan? Ko ruwan wankan jariri ba za ta ɗauka ba. Waccan."

"Waccan ai rabin buhu take ci."

"To ta kusa da ita."

"Gwaggo..."

"Ke da kike neman alfarma, ke ce kuma da taurin ciniki? Ta kusa da ita, ko in je in rufe akwatina."

Na dubi ta kusa da itan, na yi lissafi a kaina da sauri. Za ta ci wani abu daga ribar, amma ba za ta cinye ba.

"To. Amma ba a cika ta har baki."

"Dogo!" ta ƙwala kira. "Zo ka yi amfani da tsawon nan naka, sauko mini da ludayina."

Ta fita da tukunyar a kan faranti mai faɗi, Dogo na biye da ita da kwanon miya, tururi na tafe a gabansu. Na tsaya a bakin 'yar tagar ina leƙe, inda ita take tsayawa kullum, na ga ashe daga nan mutane ƙanana suke, kamar yara a aji.

"To, masu karatun allo," in ji Gwaggo, "ga gyara. Amma ku sani, kuɗinku ne, Manaja ta riga ta sa shi a farashi. Kar wani ya ce na yi masa kyauta."

"Mun ji, Gwaggo," in ji Tela yana turo farantinsa. "Ni ma in na ƙara wa mutum aljihu a riga, ai da yadinsa nake yi. Zuba."

"Kai ba ka rame ba, rabin rabi za ka samu."

"A'a, dubi wuyana!"

"Na gani, ya fi na bara."

Ta bi tebura tana duban fuska. Direba ya samu da yawa. Malama ta ce ta ƙoshi, miya kawai take so, aka yaryaɗa mata. Matar nan mai maganar masu talla ta ce ita kaɗan, Gwaggo ta ce, "Baƙuwa ce ke, ba ki da ta cewa," ta zuba mata. Da yawa suka ɗaga hannu suka ce Alhamdulillahi, sun gode, tambayar ma ta ishe su. Da babban ludayin take yi, amma na lura bakinsa kawai take tsomawa, domin yanzu tana ganin gindin tukunyar, tana kuma ganin teburan da suka rage. Kafin ta kai ƙofa tukunyar ta ƙare. Ta kankare gindin, ta juye a wani ɗan faranti, ta ajiye wa Baba a cinya.

"Ungo, Auta. Kai ma ka rame."

Da ta dawo kicin ta wuce ni ba ta kalle ni ba. Ta sa tukunyar a ƙarƙashin famfo. Can, a cikin ƙarar ruwan, na ji 'yar waƙar nan ta hanci ta taso, a hankali, kamar mai gwada ko hanya na nan.

"Uwata," ta ce, ba ta juyo ba, "kin ci abinci kuwa?"

Ba a goge allon ba. Damina ta ci gaba da zuba a kansa, jan ya ɗan koɗe, ludayin na nan a karkace. Mutane sukan tsaya su karanta su yi murmushi, wasu su shigo. Mai kaji ta koma ɗaukar ragowa a wani wuri, ta ce mu ba mutanen arziki ba ne. Ribar ba ta zo da gudu ba. Ta zo dai, 'yar kaɗan, kamar kyanwar da ke leƙowa ta ga ko za a kore ta, watan da ya biyo baya ta ƙara shigowa.

Ranar da mai ginin ya zo, sararin sama ya riga ya bushe. Ya zauna kusa da Baba suka daɗe suna magana ƙasa-ƙasa. Daga kujerata ba na jin komai, hannun Baba kawai nake kallo. Bai shiga aljihu ba. Da mutumin zai tafi Gwaggo ta sa aka zuba masa abinci, ta fito da kanta ta yi masa gyara, ta ce ya gaida mai wayoyi.

Akwatin yanzu yana sito, a ciki muke ajiye sababbin labule da tsummokin tebur.

Kullum da safe ni nake auna shinkafar tukunyar gyara, in ajiye, in fita duba kayan miya. Wata rana na dawo ɗaukar jakata, sai na hango Gwaggo ta waiga dama ta waiga hagu, ta tsoma hannu a buhu, ta ƙara tafi ɗaya a tukunyar, ta mayar da murfi a hankali. Na koma da baya ban yi motsi ba. Tun daga ranar, in na zo awo, tafi ɗaya nake ragewa.

Ban sani ba ko ta gane. Amma shekaranjiya, ina gyangyaɗi a kujerata rana na kwance a kan tebura, na ji kamar a mafarki tana ce wa Dogo hannun Uwata ya fara ƙanƙancewa, dole mutum ya riƙa tsoma nasa sau biyu.